Farfelar Arvid da Kunnen Marlys

Arvid Niemi mijin yayata ne, kuma tun ina saurayi nake riƙe masa ragar kamun kifi a jirgin ruwa. In ka tambayi mutanen garinmu, nan arewacin Minnesota, wane ne shi, ba wanda zai ce maka tsohon ma'aikacin injin yanka katako, alhali a can ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Cewa za su yi, ai mai 'yan katakon nan na kama kifin maski.

Yakan sassaƙa ɗan katako kamar tsawon tafin hannu, ya shafa masa baƙin fenti, ya rataya masa ƙugiyoyi, ya sa masa farfelar ƙarfe a wutsiya. In ka jefa shi nesa kana naɗo zare, ba ya nutsewa, a saman ruwa yake tahowa, farfelar na juyawa tana ful-ful-ful. Wannan ƙarar ce ke taso da kifi daga cikin ciyawar tafki. Kifin fayik kam ba shi da kunya, ko murfin gwangwani ka jefa masa zai cafka. Amma maski, wannan mai girman kan, sai ya biyo abu har gindin jirgi, ya kalle ka ido cikin ido, ya juya abinsa. In ƙarar ta yi kaifi kaɗan, ko ta yi rauni kaɗan, to wuni za ka yi kana wanke katako.

Sassaƙa dai kowa ma zai iya, ni ma na taɓa gwadawa. Aikin Arvid a filaya yake. Daga narkewar ƙanƙara har ta sake rufe tafkin, kullum da la'asar za ka gan shi a ƙarshen gadar katakon da ke bayan gidansu. Ya yi jifa, ya karkata kai, ya naɗo a hankali. Sai ya ce, "Yana tari," ya ɗan lanƙwasa farfelar da filaya, ya sake jifa. Haka zai yi ta yi har sai ya ce, "Yauwa, ya buɗe murya." Ranar da ya faɗi wannan maganar, to ya yi surutu da yawa, don Arvid irin mutanen nan ne da za ku zauna tare a ɗakin wankan turiri ran Asabar, gumi na zuba, ku fito bai ce maka komai ba sai "ƙara ruwa".

Bai taɓa kashe maski ba, ko ɗaya. In muka kama, a cikin raga zai cire ƙugiya, ya tallabo ta a ruwa har ta dawo hayyacinta, ya shafa mata baya ya ce, "Koma gida, uwar ɗaki." Fayik ne kawai yake kawowa gida, ya jiƙa shi a ruwan tsami da albasa, mu ci da burodi in sanyi ya shigo.

Yayata Marlys kuwa, ita ke kaɗa fiyano a cocinmu tun kafin in yi gemu, ita ke koya wa mawaƙa. Ba ruwanta da kifi. Ƙafarta ba ta taɓa shiga jirgin nan ba, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta.

"Ƙarti biyu ku wuni a rana kuna jifa," takan ce, "in Allah ya taimake ku kun kama, ku sumbace shi ku sake. In ba hauka ba, Vern, ka faɗa mini sunan wannan."

Ni ne Vern ɗin. Tun muna yara ban taɓa cin ta a gardama ba.

Kunnen Arvid a hankali ya tafi. Injin katakon nan ne ya ci shi, sai dai bai karɓi kayansa ba sai da tsufa ya zo. Da farko talabijin ce ta fara damun maƙwabta. Daga nan sai ka yi masa magana ya gyaɗa kai yana murmushi, ka san bai ji ko harafi ba. Shi da ba ya ɗaga murya, sai ga shi yana magana kamar mai kiran wani a ƙetaren tafki. An sa masa na'urar ji, ya gwada ta a kan gada, ya cire ya jefa aljihu.

"Wannan abin," ya ce mini, "kowace ƙara suyar ƙwai yake mai da ita."

Amma bai daina aiki ba. Ya ci gaba da jifa, yana karkata kai, yana lanƙwasa farfela, mu duka muka ɗauka hannunsa ya riga ya haddace.

Sai ran nan Gordy ya zo. Gordy shi ke kai baƙi kamun kifi a tafkinmu, kuma bai taɓa ɗaura katakon kowa a zarensa ba sai na Arvid. Ya shigo rumfar aiki da bokiti a hannu, yana ta murza hularsa. Ina wurin.

"Arvid, fentin bana dai ya yi kyau!" ya faɗa da ƙarfi.

Arvid ya leƙa bokitin. Katakonsa ne na bana, gaba ɗayansu.

"Suna biyowa," in ji Gordy, "har gindin jirgi suke biyowa. Ci ne dai ba sa yi. Na ɗauko tsohon nan naka duk ya kwaile, jifa ɗaya aka kai masa duka. Wataƙila dai ruwan bana ne."

Ba ruwan bana ba ne, kuma mu ukun mun sani. Tausayin mutumin nan ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Washegari ya kira ni kan gada, wai ni zan zama kunnensa. Ni! Ni ɗin da Marlys ta kora daga cikin mawaƙa da kanta, ta ce in koma rarraba littattafai. Ya jefa tsohon, ya jefa sabon, ya dube ni. Na ce duka ful-ful suke yi. Ya sake. Na ce wannan kamar ya ɗan fi. Ya ce wanne? Na nuna. Ashe wanda ya fi lalacewa na nuna, ya gane daga yadda farfelar ta karkace.

"Kai da kunne biyu lafiyayyu," ya ce, "asara."

Na so in ji haushi, amma gaskiyarsa ce. Ya rataye filayar a ƙusa, ya kulle rumfar, ya ce in nemi mai son injin sassaƙa kafin sanyi.

Daga nan ne na tsorata da gaske. Arvid ya koma zaman kicin. Ya zauna a gaban taga, kofi ya huce a hannunsa, gemu ya fito bai aske ba. Na ce mu fita tafki da tsofaffin katakon, ya ce kafaɗa na masa ciwo. Ƙarya ce. Na ga tsofaffi da yawa a garin nan da suka zauna irin wannan zaman, kuma na san inda yake kai mutum. In rumfar nan ta zauna a kulle, ba zai ga bazara biyu ba, haka na faɗa wa raina.

Wata la'asar na ɗauki katako ɗaya daga bokitin Gordy, na tafi kan gada ni kaɗai. Ba wata dabara gare ni ba, baƙin ciki ne kawai ya hana ni zama. Ina cikin jifa sai na ji an banko tagar kicin.

"Vern! Cire wannan abin daga ruwa, yana ci mini kunne!"

Na ce, "Wane abu?"

"Wannan mai kukan ƙyauren! Ashe kai ma ka iya ɓata wa mutane la'asar?"

Sai ga ta ta gangaro, hannu duk garin fulawa, tana taka gadar kamar za ta karye da ita. Ta ce in sake jifa. Na jefa. Ta yamutsa fuska.

"Ya yi sama da yawa. Nan ya kamata ya zauna." Ta rufe baki ta yi wani amo a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, ta riƙe shi.

Na saki baki. "Marlys, a ina kika san wannan?"

"A ina na sani? Tun da na shigo gidan nan nake wanke-wanke da wannan ƙarar a kunnena. Kafin ya ce ya buɗe murya na riga shi sani. Bara da bana kuwa, kullum sai na rufe taga."

"Kika yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni?"

Kai, da ba yayata ba ce da na tura ta ruwa. Na juya zan ruga in kira Arvid, sai na gan shi tsaye a bakin gada da silifa. Bai ji abin da muka ce ba, amma ya ga matarsa a inda bai taɓa ganin ta ba. Ta nuna katakon, ta nuna kunnenta, ta yi masa alamar filaya da yatsu biyu.

"Tsoho, je ka ɗauko ƙarfen nan naka," ta ce. "Burodina na kan wuta, ba wuni zan yi a nan ba."

Da yake ba ya jin ta, sai ta yi masa yadda take yi wa mawaƙanta. Tafin hannu ƙasa, a sauke murya. Tafin hannu sama, a ɗaga. Shi ya san ta inda zai lanƙwasa ƙarfe, ita ta san inda murya za ta sauka. Ya jefa, ya naɗo, amma maimakon ya karkata kai ga ruwa, sai ya kafe ta da ido. Hannu ƙasa. Ya lanƙwasa. Hannu ƙasa kuma, kaɗan. Can sai ta lumshe ido, ta gyaɗa kai. Burodin ranar ƙonewa ya yi.

Da sassafe muka fita tafki da katakon, ni da Arvid. Ita ta ce ko a mafarki. Muka tsaya gefen ciyawar da ke bayan tsibiri, ruwa kwance lumui. Ya yi jifa, katakon ya taho yana ful-ful, sai na ga ruwa ya kumbura a bayansa. Kafin in buɗe baki, fam! Ruwa ya tashi har fuskata. Da ni ne da na fizge tun a nan na ƙwace wa maskin daga baki, amma Arvid ya ci gaba da naɗi sai da sandar kamun kifin ta lanƙwashe, sannan ya ɗaga. Na sa raga. Ƙatuwa ce, ta fi tsawon ƙafata. Ya tallabe ta a ruwa ya daɗe, har ta kaɗa wutsiya ta tafi, ya ɗebi ruwan tafki ya wanke fuska. Na yi kamar ban ga hawayensa ba.

Da muka dawo ya tsaya a ƙofar kicin ya kwarara murya. "Tsohuwa, ta ci!"

"Ka kawo ta?"

Ya karanci bakinta. "Na sake ta."

"Allah ya shirye ku," ta ce, ta tura masa kofi.

Rumfa ta buɗe. Gordy ya dawo ya kwashe bokitinsa, ba wanda ya sake zancen injin sassaƙa. Arvid ya aske gemu. An kai wa Marlys kujera ƙarshen gada, da bargo saboda iska, tana ta mitar sauro amma la'asar ba ta wuce ta.

Ran nan, ganye ya fara ja, ina zaune kusa da su ina gyaran raga. Katako ɗaya suke ta fama da shi tun ɗazu. Ta ce sama, ya ɗaga. Ta ce ƙasa, ya sauke. Har na gaji.

"Wai wannan ɗin taurin kai gare shi?" na tambaye ta.

Ba ta ko rage murya ba, tunda ta san ba ya ji. "Tun jifa na biyu ya yi daidai."

"To me kike wahalar da bawan Allah?"

"Na sa ya ɗaga, yanzu zan sa ya mayar. Vern, tun da muka yi aure mutumin nan ruwa yake kallo. Yanzu ni yake kallo. Gaggawar me nake yi?"

Ta tashi ta ce bari ta ɗauko kofi. Ba ta yi nisa ba, tana tsakiyar gada, Arvid ya matso kusa da ni, ya kare baki da hannu wai zai yi raɗa. Raɗar tasa kuwa har agwagin bakin ciyawa sai da suka tashi.

"Ta zaci ban san inda filayata ta tsaya ɗazu ba! Tun tuni ya yi! Kada ka faɗa mata!"

Na dubi bayan yayata. Matar da ke jin kuskuren farfela daga kicin ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta dawo da kofi uku, ta zauna, ta ja bargonta, ta ɗaga masa tafin hannu sama.