Mai Zaɓen Duwatsun Tausa

A shagon sayar da kayan gyaran jiki, mai shago yana kallon wata mata da ta daɗe tsaye gaban teburin gwaji. Doguwa ce, farar rigar aiki na leƙowa ta ƙarƙashin mayafinta, faratanta a yanke ƙasa-ƙasa irin na masu tausa. Ta zo zaɓen abin da za ta riƙa gasa wa mata jiki da shi a wurin aikinta, ko baƙaƙen duwatsu, ko tawul mai tururi, ko man da ake ɗumamawa.

Ta tsoma hannu cikin tukunyar da ake ɗumama duwatsun, ta ɗauko dutse ɗaya, ta damƙe.

"Hajiya, yanzu fa na kashe wutar, zai ƙone ki!"

Ba ta saki ba, bango kawai take kallo.

"Baba, wanne ya fi ratsa ƙashi?"

"Dutsen mana. Tsofaffi sun fi son sa."

"Mamata ta yi ta kukan sanyin ƙafa," in ji ta. "Lokacin tawul kaɗai gare ni."

Yana so ya ce Allah ya jiƙanta, amma yana tsoron ko mamar tana raye. Matar ta ajiye dutsen, tafinta ya yi jawur. Ta dube shi kamar hannun wata ne, ta ce, "Naɗe min su."