Talibambam ɗin da ya tsare ni a ɗakin mahaifina

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni ce 'yar auta a gidanmu da ke Illela, ban yi aure ba, ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma na samu gurbin ƙaro karatu a Sakkwato. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Yayyena maza biyu 'yan kasuwa ne, babban yana Ƙonni, mai bi masa yana Kano. Gidan daga ni sai Baba sai Gwaggo, ƙanwarsa da ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Ina cikin shirin tafiya makaranta ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, magana ta ɗauke sai kalma ɗaya ko biyu da kyar. Mutumin da ya saba ƙetare iyaka da kaya ya wuni yana ciniki, sai ga shi kwance yana kallon rufin ɗaki. Ya daina cin abinci, in an kai cokali bakinsa sai ya kau da kai.

Ana cikin haka wani tsohon amininsa daga Kalmalo ya zo dubiya, ɗauke da bokiti. A can Baba ya yi ƙuruciya wurin kakanninsa, a bakin tafki. Cikin bokitin akwai wani ɗan kifi da bai fi tsawon yatsa ba, mai zane-zanen rawaya a jiki da baki kamar na aku. Tsohon ya ce talibambam ne, wanda ke kumbura kamar ƙwallo in ya tsorata, masunta ne suka same shi a cikin raga, shi kuwa ya tuna yadda suke wasa da irinsa suna yara. Aka matsar da bokitin bakin gado. Kifin ya taso sama, ya juya ido ɗaya ya dubi Baba, sai muka ji Baba ya yi dariya, ta farko tun kwanciyarsa. Ranar ya shanye kofin kunu. Gwaggo ta ɗaga hannu tana hamdala, ni kuma na kira yayyena ina kuka don murna.

Ba a yi mako ba yayana na Kano ya aiko da akwatin gilashi, da injin tace ruwa mai soso a ciki, da ɗan injin da ke hura iska. Na Ƙonni ya sa aka haɗa masa batir da sola. Dukansu suka ce ni ce mai karatu a gida, ni zan kula. Na amsa da farin ciki, don a zatona kifi ruwa kawai yake so. Da na ga ruwan ya yi hazo sai in kwashe shi duka, in goge gilashin, in wanke soson tas, in zuba sabo. Kullum haka nake yi, ina ganin tsafta ce. Kifin kuwa sai cikinsa ya fara baƙi, ya kwanta a ƙasa yana numfashi da sauri, ya ƙi cin komai. Da Baba ya ga haka shi ma ya ƙi cin abinci. A nan ne tsoro ya fara shiga zuciyata.

Na duƙufa bincike a waya, ina karantawa ina kallon bidiyo, har na gane cewa tsaftar tawa ce ke kashe shi. Ashe kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba a ruwa, kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ido ba ya gani, waɗanda ke zama a cikin soson su cinye gubar. Duk wankin da na yi, su nake kashewa. Ashe shi talibambam ba shi da ɓawo a jiki irin na sauran kifaye, don haka abu kaɗan ke cutar da shi. Na koyi cewa kaso kaɗan na ruwan ake canzawa, ba duka ba, kuma sabon ruwan sai ya kwana a buɗe, sanyinsa ya yi daidai da na akwatin. Soson a tsohon ruwan ake ɗauraye shi, sabulu kuwa ko kusa. Na bi wannan, a hankali kifin ya farfaɗo, launinsa ya dawo, Baba ma ya koma cin tuwo.

Da na san abin da wannan nasara za ta jawo mini, da ban yi murna sosai ba. Daga ranar kowa a dangi ya ɗaure lafiyar Baba da lafiyar kifin. Yayyena in sun kira, kafin su tambayi Baba sai su tambayi kifi. Mata masu zuwa dubiya suna cewa muddin abin nan yana yawo to da sauran ƙarfi a jikin mai gida. Na san wannan magana ba ta da tushe a addini, na san rai a hannun Allah yake, amma in na ga kifin ya lafe a kusurwa sai gabana ya faɗi kamar an ce mini Baba ya suma. Na rubuta wa makarantar Sakkwato na roƙi a ɗaga mini zuwa wata shekara. Na ce wa kowa jinya ce ta hana ni, alhali Gwaggo ce ke yawancin jinyar. Ni jinyar kifi nake yi.

Shi kuwa sai girma yake. Ba ya cin garin abincin kifi, sai abu mai rai mai ƙwari, don in bai tauna abu mai tauri ba haƙoransa tsawo suke yi har ya kasa buɗe baki. Na zama mai aike Kalmalo a samo mini dodon koɗi, ina kiwonsu a baho a bayan ɗaki. Mun taɓa sa masa wani ɗan kifi don ya samu abokin zama, kafin a yi sallar azahar ya yayyage shi. Ni ma ya taɓa cizona a yatsa har jini. Da zafi ya shigo abin ya ƙara tsanani. Ruwan tankin roba da ke saman gida yana yin zafi kamar an dafa, na masu ga-ruwa kuma ban san daga rijiyar da suka ɗebo ba, sai in jera bokitai a inuwa ina taɓa su da hannu. In batir ya yi sanyi kumfar iska ta tsaya, sai in zauna da moɗa ina ɗiba ina zubawa daga sama don iska ta shiga. Daga aji nake gudowa lokacin hutun tara in duba. An ɗaura auren babbar ƙawata a Araba, nan kusa, ban iya wuni ba. Akwai ranakun da nake tsayawa gaban gilashin in ji na tsane shi, shi kuma ya taso yana kaɗa 'yan fukafukansa don ya gane ni, sai kunya ta kama ni. Ban taɓa gaya wa kowa na gaji ba. Ban kuma koya wa kowa yadda ake yi ba, don ina ganin duk wanda ya taɓa zai ɓata.

Da shekara ta zagayo, makaranta ta sanar cewa duk wanda bai zo da kansa ya yi rajista ba ya rasa gurbinsa. Na yi sammako na tafi Sakkwato da niyyar dawowa a ranar. Abin da na ce wa Gwaggo kawai shi ne kada kowa ya ba kifin abinci. Ashe bayan fitata yayana na Ƙonni ya kira ya ce yana tafe da baƙi su duba Baba. Gwaggo ta dubi gilashin ta ga ɗan kore-kore a jiki, ta ga bai dace baƙi su gani ba. Ta kamo kifin da kwando, ya kumbura a iska, ta sa shi a roba. Ta wanke akwatin da soson da garin sabulu, ta cika da ruwan tanki na tsakar rana, ta mayar da shi. Da na dawo bayan la'asar na tarar da shi a kwance a gefe guda, cikinsa baƙi ƙirin. Gwaggo tana tsaye a bayana tana murza hannu, tana cewa, "Ɗiyata, mi na yi? Gyara na so in yi miki." Na yi duk abin da na sani, amma kafin magariba ya daina motsi.

Yayana ya ja ni waje ya ce a rufe akwatin da zane, a ce ana gyara, shi zai sa a nemo wani ko daga ina ne kafin Baba ya gane. Na tsaya ina jin maganarsa, ina hango wata shekarar ta bokitai da moɗa. Na ce masa ba zan iya ba. Na shiga ɗakin Baba, na durƙusa gaban gado na ce, "Baba, kifin ya mutu." Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na shekara ina tsoro. Ya daɗe yana kallon gilashin, hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Sannan ya buga katifa da hannun hagu ya ce, "Zamna." Na zauna. Ya riƙe hannuna bai saki ba har aka kira isha'i. Da Gwaggo ta kawo kunu tana rakuɓewa, ya karɓa ya sha.

A zaman nan ne na lura cewa na shekara a ɗakin nan amma bayana nake ba shi. Kullum fuskata na wajen gilashi, shi yana kwance yana kallon ƙeyata. Ban san ko kifin yake kallo duk tsawon lokacin ba ko ni. Washegari na ba shi labarin rajistar, ya nuna ƙofa da hannu yana gyaɗa kai. Na tafi makaranta, ina dawowa duk ƙarshen mako in zauna in yi masa hira, yayyena kuma suka fara karɓa-karɓar zuwa. Baba ya ƙara kusan shekara biyu a duniya kafin Allah Ya karɓi abinsa. Gwaggo ta daɗe tana kunyata, sai da na zaunar da ita na gaya mata cewa da na koya mata da ba ta yi ba.

Ina kira ga duk mai sha'awar ajiye kifi a gilashi, musamman talibambam, da ya nemi sani kafin ya kawo shi gida. Ruwan da ido ya gani garau yana iya zama guba, kuma wannan halitta ce mai buƙatar wuri mai faɗi da kulawa ta shekaru, ba abin wasan mako guda ba. Masu jinya kuma, don Allah kada ku rataya ran majinyacinku a kan wata halitta, kada kuma ku bar mutum ɗaya da nauyi don kawai bai yi ƙorafi ba. Wanda nauyin ke kansa shi ma ya buɗe baki ya ce ya gaji, ya koya wa wani. Ni shiru na yi, shirun ya ci mini shekara guda, ya kuma rage mini zaman da zan yi da mahaifina, wanda yanzu ko na so ba zan samu ba. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.