Faifan Cleophus Dunmore, Direban Layin Gratiot

Shekara goma sha tara muna tuƙa bas a birnin Detroit na Amurka tare da Cleophus Dunmore, shi a layin Gratiot, ni a Woodward. Dogon mutum ne mai sanyin magana, abincinsa na rana kullum burodi da kifin gwangwani. Mun san yana busa saksofon, don duk Lahadi bayan coci ana jiyo shi daga garejinsa, amma mun ɗauka ɗebe kewa ce kawai.

Matarsa Ernestine ce ta taɓa gaya mini cewa a 1959 ya je New York, ya naɗi faifan kiɗan jaz a yini ɗaya tare da makaɗa huɗu. Kamfanin ƙarami ne, kafin shekara ta zagayo ya durƙushe. Jarida ɗaya ce ta ambaci faifan, ita ma a layi uku, ta ce busarsa ta cika nauyi kamar wa'azin fasto. Cleo ya dawo gida ya nemi aikin bas, bai ƙara tayar da zancen ba.

A 1994, bayan mun yi ritaya, wata mata mai suna Fumiko Harada ta rubuto masa daga Osaka ta ƙasar Japan. Kamfaninta ya samo tsofaffin kaset ɗin naɗin a wani sito a New Jersey, suna neman izininsa su sake fitar da faifan. Wata biyar bayan nan, wata Asabar da hantsi, ya shigo shagon aski na Roosevelt Tibbs riƙe da sabon faifan. Mu shida ne a zaune.

"Tibbs, kashe rediyon nan ka sa mana wannan."

Tibbs ya duba hoton da ke jikin kwalin. "Wane ne wannan ramammen? Yunwa ake yi a New York?"

"Ni ne, kafin na haɗu da girkin Ernestine."

Muna cikin dariya ganga ta fara, da sauri kamar jirgin ƙasa ya kama hanya. Sai saksofon ya shigo daga ƙasa, da kauri, ya hau a hankali, ya tsaya inda ba ka zata ba, sannan ya kwararo gaba ɗaya. Tibbs ya tsaya da almakashi a hannu, mutumin da ake wa aski kuma bai ce a ƙarasa masa ba. Ina kallon Cleo ina tuna cewa wannan bakin ne ya shekara talatin yana cewa fasinjoji su matsa baya.

Waƙa ta ƙarshe babu ita a tsohon faifan. Ashe ranar naɗin, da sauran makaɗan suka fita cin abinci, mai naɗin ya bar na'ura a kunne, Cleo kuwa bai sani ba. Shi kaɗai ya zauna yana busa waƙar cocin da mahaifiyarsa take yi in tana wanki a Alabama. Ana jin numfashinsa, ana jin ƙarar maɓallan a ƙarƙashin yatsunsa. Minti huɗu babu wanda ya ko gyara zama.

Da ta ƙare, ya ce, "Na yi gaggawa a tsakiyar nan."

Na ce, "Haba ɗan'uwa, gaggawar me?"

"Shekarata ashirin da huɗu. Tsoro nake kada su dawo su same ni da waƙar coci, su mai da ni abin dariya."

Tibbs ya juya mana baya, ya daɗe yana wanke mataji a famfo.

Da kaka su Fumiko suka gayyace shi Japan. Ya ce shi ba ya hawa abin da ba shi ke tuƙawa ba, Ernestine kuwa ta haɗa masa kaya abinta. Gari uku ya yi wasa. Da ya dawo muka tambaye shi abin da ya fi ba shi mamaki. Ya ce wani malamin lissafi ne a Kyoto, mai furfura, ya busa masa waƙa ta biyu ta faifan tun daga farko har ƙarshe, da ka.

"Akwai inda yatsana ya zame, har wannan ya haddace. Na nuna masa yadda ya kamata ta kasance, ya rusuna, ya ce shi dai a bar masa tasa haka."

Cleo ya rasu a 2003. Bayan tafiyar nan ya naɗi faifai biyu a nan Detroit, na biyun bai fito ba sai bayan jana'izarsa da wata uku.