Ƙafar Baba a Kan Kekena

Ni tela ne a kasuwar Bodinga, a shekarun mulkin farar hula, lokacin da sabulu da madara suka yi wuyar gani. Wata ranar kasuwar Kajiji na kai ɗinkin mutane, a hanyar dawowa tayar gaban bas ɗinmu ta fashe, muka wuntsila cikin rami. Motar ta danne mini ƙafafu. Da na warke, ta dama ba ta lanƙwasawa, ta hagu kuma ba ta da ƙarfin taka keken ɗinki.

Ina kwance asibiti a Sakkwato, ban san inda kaina yake ba, mai motar ya ɗauki dattawan garinsu, Dandin Mahe, da ƙwaryar goro suka je wa mahaifina jaje. Baba manomin albasa ne, mutum mai kunyar baƙo. Tun ba su gama zama a kan tabarma ba ya ce ya yafe, duniya da lahira. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Ƙafata ce, amma ba wanda ya jira in farka.

Bayan an sallame ni, wani lauya da nake wa ɗinki ya zo duba ni. Ya ce motar na da inshora, idan na kai ƙara kotu za a biya ni diyya, kuma ba daga aljihun mai motar ba. Raina ya yi fari. Har na fara hangen shago da keke mai aiki da lantarki, wanda ba ya neman ƙafar kowa.

Na sami Baba a gindin rumbu yana tsince albasar da ta ruɓe, na faɗa masa. Bai ɗago ba.

"Ɗana, na riga na yahe gaban mutane," in ji shi. "In ka tahi kotu, da wane baki zan ƙara magana garin ga?"

"Baba, ba shi za ya biya ba, kamfani na."

"Sunan wa za a kira gaban alƙali?"

Sunan mai motar za a kira, wannan gaskiya ne. Na yi fushi iyakar fushi. Na yi kwanaki ina gaishe shi da ƙyar, lauya kuma yana ta aiko a tambaye ni. A ƙarshe na aika masa ya bari, ba don na gamsu ba, sai don na kasa jure ganin tsohon yana sunkuyar da kai a masallaci.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, sai ga Baba a rumfata. Ya jawo benci kusa da ni, ya cire takalminsa, ya ɗora ƙafarsa mai faso a kan matakin keken.

"Riƙa yadin," ya ce. "Ni in taka."

Kai, ban taɓa ganin mugun taku irin nasa ba! Taka keke yake kamar mai taka ƙasar gini. Allura ta karye, zare ya cukurkuɗe, keken ya riƙa juyawa baya. Ina ce masa a hankali, yana ce mini hannuna ne ba ya sauri. Telolin da ke kusa suka yi ta dariya har da hawaye. Da sannu dai muka saba. In na yi gyaran murya ya tsaya, in na taɓa gwiwarsa ya ci gaba. Duk ranar kasuwa yakan bar gonarsa ya zo, har shekarar da ya kwanta ciwon ajali. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban ƙara tayar da zancen ba.

Yanzu keken lantarki gare ni, 'ya'yana suka saya mini. Ba ya karya allura, ba ya gardama. Amma har yau, in na zo ƙarshen layin ɗinki, sai na ji na yi gyaran murya.