Zartsi a Rijiyar Garkarmu

Da sunan Allah mai shayar da bayinsa nake farawa. Abin da zan ba da labarinsa rijiya ce guda, wadda ke cikin garkar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a fadama kusa da Tibiri. Ni a Dogon Dutsi nake zaune tun ina saurayi, ina ba da karatu da safe, da rana in zauna a rumfata ta yadi. Yayana shi ya tsaya a gida ya riƙe garkar. A cikinta akwai lemun tsami da mahaifinmu ya dasa da hannunsa, da mangwaro, da zogale a jikin shinge, kuma dukansu ruwan rijiyar nan suke sha.

Ɗiyar yayana ta fari ni na riƙe ta. Haka ake yi a wurinmu: ɗan fari abin kunya ne, uba ba ya kiran sunansa, ba ya hira da shi, ba ya yabonsa. Ana yaye ta aka kawo mini ita, ta tashi a gidana tana ce mini Baba, shi kuma tana ce masa Baban Tibiri. Idan zai yi zancenta sai ya ce da ni "ɗiyarka". Gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita a durƙushe, shi yana kallon wani wuri.

Ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ta wuce Yamai, daga can ta tafi wata ƙasa ta bakin teku neman digirin doktora. Mutane suna tambayata ko likita za ta zama, in ce musu a'a, karatun ruwa take yi, su yi shiru don ladabi. Ni kaina ban san abin da ke ciki ba sai bazarar da ta zo hutu, na zaunar da ita a tsakar gida bayan la'asar na ce ta yi mini bayani da Hausa.

Ta ce inda babban kogi zai shiga teku yakan rarrabu kamar yatsun hannu, kuma mutane na noman shinkafa a tsakanin yatsun. Idan kogi ya cika sai ya tura ruwan teku baya. Idan ya ja baya da rani, ruwan gishiri sai ya biyo shi ta ƙasa, ya shiga gonaki da rijiyoyi. Aikinta shi ne ta gina kwatankwacin kogin da lissafi a cikin ordinatar, wato kwamfuta, ta yadda za a san iyakar inda gishirin zai kai kafin ya kai. Na ce me ya sa ta ƙasa yake bi. Ta tashi ta ɗauko kofin gilashi, ta dama gishiri a ruwan soɓo ta zuba, sannan ta tsiyaya ruwan randa a hankali ta jikin kofin. Ja ya kwanta a ƙasa, fari ya tsaya a sama, ba su cakuɗe ba. Ta ce ruwan gishiri ya fi nauyi. Na yi tasbihi, domin mun karanta batun haɗuwar ruwa biyu a Alƙur'ani tun muna gaban malam, ban dai taɓa tsammanin in gan shi a cikin kofi ba. Daga baya na rubuta bayanin nata da ajami a bangon wani littafina don kada in manta, shi ya sa nake iya maimaita shi yanzu.

A cikin kwanakin nan muka tafi Tibiri gaisuwa. Mun iske yayana a garka, ba a gida ba, kuma ransa ba daɗi. Shekarun baya ya sayi injin ban ruwa, ya daina ja da guga, ya faɗaɗa wurin ya ƙara fangalin albasa har bakin shinge. Shekarun farko an samu. Amma a bazarar nan ruwan ya juya ya zama zartsi. Gefen fangali ya yi fari kamar an barbaɗa toka, ganyen lemu ya ƙone daga baki yana zuba. Na ɗebi ruwan na kurkure baki, na ji shi a harshe kamar an jiƙa kanwa.

Ya riga ya kira masu haƙa, za su zo washegari. Abin da kowa ya sani ke nan a Arewa: rijiya in ta ɓaci a yashe ta, in ta ƙi a ƙara mata zurfi. A kan tudu, wajen su Matankari da Sukukutane, wanda ya fi zurfi shi ya fi samun ruwa mai kyau, kuma da wannan sanin muka tashi. Ban ga laifin shawararsa ba.

Ita ta gaishe shi ta koma gindin mangwaro. Na ga ta leƙa rijiyar, ta dubi tiyon injin da ya sauka har ƙasa, ta murza farin da ke gefen fangali a yatsa. Da muka koma gida cin abinci ta ja ni gefe.

"Baba, kada a ƙara ma rijiyar ga zurhi."

"Don mi?"

"Ina zaton abin da na gwada maka a kofi shi na nan. Ruwan daɗi na bisa, na zartsi na ƙasa. Guga ba ta taɓa damun shi ba. Inji na ja da ƙarhi, shi ka ɗago shi. In an ƙara zurhi, cikin shi za a shiga."

Na ce ai nan babu teku. Ta ce ta sani, kuma ba za ta rantse ba, don lissafinta na kogi ne, ba na fadamarmu ba, ba ta kuma zo da abin awo ba. Amma ƙasar fadama tana da gishirinta da kanwarta, kuma nauyi nauyi ne ko ina. Ta ce ana iya gwadawa da kwalba.

Matsalar ita ce wa zai faɗa masa. Ita ba za ta tsaya gabansa ta ce ya fasa abu ba. Shi kuma ko ya ji gaskiya ce, ba zai yarda a gani yana bin maganar ɗiyar fari ba, balle a gaban masu haƙa da maƙwabtan garka. Ba girman kai ba ne. Abu ne da aka rene mu a kai, ni ma haka nake da nawa ɗan farin, wanda wata 'yar'uwarmu ta riƙe a Gesheme.

Na same shi bayan sallar magariba a ƙofar gida na faɗa masa, kamar daga kaina maganar ta fito. Ya dube ni.

"Malam, yaushe ka zama masanin rijiya? Kai da ko guga ba ka iya ja ba sai ta kihe?"

Na ce a bakin ɗiyata na ji.

"To ɗiyarka teku taka karantu. Ka ga teku a Tibiri? In akwai, a gwada mini, in sai jirgi."

Muka yi dariya, ya shiga gida.

Da hantsi muka koma garka, masu haƙa ba su iso ba tukuna. Yayana ya zauna a gindin lemu ya ba mu baya, yana gyaran wata tsohuwar igiya da ba ta bukatar gyara. Ita ta samo kwalbar lemu, ta ɗaure mata dutse, ta toshe bakin da totuwar masara, ta ɗaura wa totuwar zare daban. Ba a tada injin ba tun jiya, ruwa ya kwanta. Ta zura kwalbar a hankali har dutsen ya taɓa ƙasa, ta fizge zaren, muka ga kumfa ya taso. Duk abin da take yi tana faɗa mini da murya sama da yadda nisan da ke tsakaninmu yake bukata, ni kuma ina amsawa da ƙarfi kamar kurma.

"Baba, ka gani, wanga na ƙasa ne."

"Na ƙasa ne, na gani."

"Wanga kuwa na bisa ne, da guga na ɗebo shi."

Ta zuba su a moɗa biyu. Na ɗanɗana na sama, ruwa ne da za a iya sha, zartsinsa kaɗan. Na ɗanɗana na ƙasa na tofar. Ta ce, har yanzu da ni take, in da garkarta ce da ta ɗaga bakin tiyo sama, ta rage jan inji ya zama kaɗan kaɗan da hutu a tsakani, in kuma ruwan bai isa ba ta haƙa wata rijiya marar zurfi a can ƙarshen garka. Ta ƙara da cewa hakan na nufin a rage albasa, kuma ba ta san ko itatuwan da suka riga suka ƙone za su dawo ba. Na ce Allah shi ne masani. Ta aje moɗayen a bakin rijiya, muka tafi wai za mu duba zogale.

Daga bayan shinge na waiwaya. Ya tashi, ya je bakin rijiya, ya ɗauki moɗa ɗaya ya kurɓa, ya ɗauki ɗayar ya kurɓa ya tofar. Ita ba ta waiwaya ba, ganyen zogale take tsinka tana zubawa a gefen mayafi.

Da masu haƙa suka iso da digarsu da igiyoyinsu, babbansu ya nufi rijiyar yana naɗe wando. Yayana ya ce ya dakata, ya kai su can ƙarshen garka wajen gabas, ya zana da'ira da ƙafa a ƙasa.

"Nan za ku haƙa. Kuna ishe ruwa ku tsaya."

"Alhaji, ba ƙarin zurhi munka yi da kai ba?"

"Na sake shawara."

"Wa ya sake maka ita cikin dare guda?"

"Ƙanena malami ne," in ji shi. "Ku kama aiki."

Aka bar maganar a kaina, ni kuma ban musa ba. Har yau akwai masu garka a wajen da ke zuwa rumfata a Dogon Dutsi su tambaye ni batun rijiya, in ce musu su samo kwalba da totuwa, iyakar sanina ke nan.

Albasar shekarar rabi aka samu, don ya bar fangalin da ke bakin shinge ya bushe. Daga cikin lemun mahaifinmu, waɗanda ke kusa da tsohuwar rijiya sun mutu duk da haka, aka sare su aka yi itace. Sauran sun yi sabon ganye bayan damina. Ruwan tsohuwar rijiyar bai koma yadda muka san shi muna yara ba, amma itatuwa na sha, kuma da guga ana iya alwala da shi a kurkure baki ba a yamutsa fuska ba.

Ita ta koma bakin tekunta, tana can tana ƙarasa rubutun doktora. Takan kira ni ranar Juma'a, bayan ta tambayi lafiyar gida sai ta ce yaya garka. Shi kuma ba ya tambayata ita sai a kaikaice, ya ce wai mutanen teku ba su gama karatu ne.

Zuwana Tibiri na baya-bayan nan, na iske kwalbar rataye a reshen mangwaro, da dutsenta, an sake mata zare sabo. Kafin ya tada inji sai da ya zura ta, ya fizge totuwa, ya jawo ya ɗanɗana. Ya ce zartsin ya ɗan taso, yau inji zai huta. Ya mayar da kwalbar reshe, ya ɗauki guga, ya ce in na koma in gaya wa ɗiyata lemu ya yi fure.