Tsohon da Ya Hana Ni Magana a Maƙera

Jiya a kasuwar Isa ƙaurin gawayi ya bugi hancina, sai na tuna tsohon da ya koya muna ƙira a Sabon Birni.

A shekarar da aka yi fari aka kawo mashi Buba, saurayi daga Burkusuma, shanunsu sun mutu kaf. Ba ya ci, ba ya magana, sai kallon wuta. Ni kuwa ko jaki ina iya sa shi dariya. Na ce, "Baba, bar mani shi, za ni warkar da shi kafin la'asar."

Ya ce, "Ku yi zuga tare. Ka buɗe baki, da awartaki za ni rufe shi."

Na yi shiru har harshena ya yi tsatsa. Kullum tsohon yakan aje ƙwaryar fura tsakaninmu ya wuce. Wata rana Buba ya sha, ya miƙo mani, ya ce, "Kai ma naku sun mutu ne?"

Na ce, "Mu ko akuya ba mu da ita."

Ya yi dariya, sannan ya shiga faɗa mani sunayen shanunsu yana kuka.

Har yau ban gane mi tsohon nan ya yi ba. Buba dai yana ƙira, da iyalinsa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa.