Muryar da ta kashe mini kasuwar dambu

Bayan na yaye ɗana na biyu na fara sana'ar dambun kifi a gidana, a Birnin Kebbi. Yayata tana aure a Argungu, mijinta masunci ne, ita kuma banda take yi. Duk sanda kifi ya samu sai ta ɗaure mini kwali ta ba direban motar haya. Ni kuwa in zare ƙaya, in daka, in soya da albasa da yaji, in zuba a robobi. Da fari maƙwabta kaɗai ke saye.

Lokacin ne wayoyin chatin suka fara shiga hannun mata. Na sayi tawa, na buɗe guruf na tara masu sayen dambuna: malaman makaranta, ma'aikata, har da wasu matan garin Ambursa da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ina saukewa daga wuta zan ɗauki hoto in tura, kafin ya huce an rabe shi. Ko zaure ban leƙa ba, kasuwa ke tadda ni gindin murhu.

Wata rana da hantsi ina gyaran kifi waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne a guruf, daga wata ma'aikaciya da ta daɗe tana saye wurina. Na danna da bayan yatsa, don hannuna duk ƙarni. Kuka take, tana cewa ɗiyarta ta ci dambuna ta kama amai da gudawa, ga su can asibiti, kowa ya yi hattara, da ruɓaɓɓen kifi nake yi.

Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Na rubuta wa 'yan guruf cewa daga tukunyar nan 'ya'yana suka ci, ga su suna wasa. Alama ta nuna sun karanta, ba wadda ta tanka. Sai na ga suna zubewa ɗaya bayan ɗaya: wance ta fita, wance ta fita. Har da maƙwabciyata da katanga kawai ta raba mu.

Kafin la'asar Yaya ta kira daga Argungu.

"Ke, mi ka faruwa? An turo min muryar wata mata, wai kifina ka kashe ɗiyan mutane."

A hanya labarin ya yi ƙiba, har an ce yarinyar ta rasu.

Da yarinyar ta warke, uwar ta zo gidana da ƙafarta. Ta zauna bakin tabarma tana murza gefen mayafi. Ashe ruwan unguwarsu ne ya ɓaci, yara da yawa sun kwanta, ciki har da waɗanda ba su san ɗanɗanon dambuna ba.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ruɗewa na yi," in ji ta.

Na ce, "Na haƙura. Amma ki faɗa a inda kika faɗi ta farkon."

Ta ɗago kai. "Haba, so kike in ƙaryata kaina gaban mutane? Ai magana ta wuce. Tone-tone ba shi da daɗi."

Ta sha ruwan da na ba ta, ta tafi. Na naɗi bayanina da muryata na tura a guruf. Ba wadda ta ga ya isa a tura gaba.

Yaya ma ta rasa masu saye da dama. Ba ta ɗora mini laifi ba, amma ta daina tambayata ko ta aiko da kwali, ni ma na daina nema.

An jima da wannan, na je wani biki. Aka kawo abinci da dambun kifi a gefe. Ina miƙa hannu wata baƙuwa da ke kusa da ni ta taɓa gwiwata.

"Yi a hankali, 'yar'uwa. Akwai wata mai dambu garin nan da ta kashe yarinya."

Na tambaye ta ko ta san matar. Ta ce a'a, amma ta ji muryar uwar da kunnenta.